Shaidar Magini

A kotun Gadarif, ƙarƙashin fanka mai kuka,
aka kira ni: Sha'aibu magini.
Na shiga da siminti a ƙarƙashin farce.
Alƙali ya ce in rantse, na rantse.
Ya ce, "Gidan da ke bayan kasuwar riɗi, na wane ne?"
Na ce, "Allah ya gafarta malam, ban iya karanta takarda ba,
bango nake karantawa."

Takarda ta ce filin na Attayyib ne.
Ban musa ba, gadon ubansa ne:
fili fetal, ƙaya, aduwa guda,
da bukkar ciyawa mai yoyo ta gabas.

Amma Sittana ce ta fara zuwa ƙofata,
shekarar da fara ta cinye dawa,
da kuɗi ƙulle a bakin mayafi
suna ƙanshin gawayi da citta,
kuɗin shayi, kofi-kofi, a tashar motar Kasala.
Ta ce, "Tubali ɗari uku zai kai ina?"
Na ce, "Gwiwa."
Ta ce, "Kai shi gwiwa. Baɗi mu kai ƙugu."

Shekara bakwai muna hawa.
Kaka ta yi, ta bi motar masu yankan riɗi,
ta dawo tafin hannu a tsage kamar ƙasar fadama da rani,
ta sayi kwano goma sha biyu.
Wata shekarar awarwaronta ya bar hannunta,
na gan shi ya zama taga.

Kada in ci rantsuwa:
Attayyib ba rago ba ne.
Ƙofar ƙarfe kuɗin tuƙin taraktarsa ne,
shi ya haƙa masai da hannunsa,
kwana tara yana fitowa jajir da ƙasa,
ita tana zuba masa ruwa, suna dariya.
Wannan ma na gani. A rubuta.

Lauya ya miƙe, ya gyara tabarau.
"Ina rasit?"
Na ce, "Wa ke karɓar rasit a kan ɗakin da zai tsufa a ciki?"
Aka yi dariya a baya. Sittana ba ta yi ba.
Attayyib yana kallon takalminsa.

Alƙali ya daɗe yana rubutu.
Ya ce ba mai fitar da ita kafin idda ta cika,
ba mai taɓa katifa, ba mai canza kwaɗo.
Ya ce muddin yaran suna hannunta,
inuwar da za su kwana a wuyan ubansu take.
Filin kuwa na mai fili ne,
amma guminta ba kyauta ba ne, in ta kawo hujja.
Za a turo mai ƙiyasi ranar Talata
ya auna bango, ya ƙirga kwano.

Na so in tambaya da wane awo
ake raba tubali da ƙasar da yake tsaye a kai.
Na haɗiye. Ba a tambayi magini wannan ba.

Da la'asar na bi ta layin.
Hadari ya taso daga wajen Habasha, baƙi ƙirin.
Tana tsaye a ƙofar ƙarfen nan,
ta ce, "Sha'aibu, bangon kicin ya tsage."
Na ce, "Ba za ki jira Talata ba?"
Ta ce, "Damina ba ta zuwa kotu."

Na kwaɓa siminti, na toshe.
Ta ƙirgo fam ɗin shayi ta ba ni,
sannan ta kira babbar 'yarta, Ihsan,
ta yago takarda daga littafin lissafi,
yarinya ta rubuta rana da wata da adadi.
Suka shafa mini tawada a babban yatsa.
Na dangwala,
ɗigon farko yana bugun kwano.